Shaidar da ke Cikin Fayil: Yadda Ingila ke Riƙon Takardun Binciken Cin Zarafin Tsofaffi da Masu Nakasa

Ran 31 ga Mayun 2011 da daddare, gidan talabijin na BBC ya nuna wani shiri na Panorama da ya girgiza Birtaniya. Wani ɗan jarida ne ya yi shigar burtu, ya samu aiki a Winterbourne View, wani asibiti mai zaman kansa da ke Hambrook a gefen birnin Biristol, ya yi mako biyar yana ɗaukar hoto da ɓoyayyiyar kyamara. Asibitin mai gado 24 na manya ne masu raunin fahimta da masu lalurar galahanga, kuma hukumar lafiya ta ƙasa tana biyan kimanin fam 3,500 a kowane mako a kan kowane majinyaci. Abin da kyamarar ta ɗauko ba ya kalluwa: mari, jan gashi, danne mutum a ƙarƙashin kujera, sheƙa masa ruwan sanyi a bar shi a waje yana makyarkyata. Kafin ƙarshen watan Yuni an rufe asibitin. Ma'aikata 11 sun amsa laifuka 38, kuma a watan Oktoban 2012 kotu ta aika shida daga cikinsu gidan yari.

Wannan shi ne ɓangaren labarin da kowa ya sani. Ɓangaren da ya fi damuna ya fito ne a watan Agustan 2012, lokacin da Dokta Margaret Flynn ta gabatar da rahoton binciken da aka ɗora mata. Ita ba kyamara ta riƙe ba. Takardu ta bi, fayil bayan fayil, daga ofis zuwa ofis, kuma abin da ta tarar shi ne tun kafin ɗan jaridar nan ya taka ƙofar asibitin, labarin yana nan a rubuce.

Ƙaramar hukumar Gulostasha ta Kudu ta karɓi ƙorafi 40 game da lafiyar majinyatan gidan, mafi yawansu zargin ma'aikata ne da dukan waɗanda aka ba su amana. 'Yan sandan yankin suna da labarin aukuwa 29. An kai majinyatan sashen gaggawa na asibitin gwamnati fiye da sau 70. Kamfanin Castlebeck mai asibitin, a cikin kundinsa na kansa, ya rubuta cewa an danne majinyata da ƙarfi sau 379 a shekarar 2010, sannan sau 129 a watanni ukun farko na 2011. A gida mai gado 24 ke nan. Ban da wannan duka, wani babban nas na asibitin ya rubuta wa manaja wasiƙa a watan Oktoban 2010 yana zayyana abin da idonsa ya gani, daga baya ya tuntuɓi CQC, hukumar da ke sa ido a kan asibitoci da gidajen kula da mutane a Ingila. Da bai ga an motsa ba, ya nufi BBC.

Kowane ofis ya riƙe tsinke ɗaya, ba a samu wanda ya ɗaure su suka zama tsintsiya ba. Likitan gaggawa ya ɗinke rauni ya rubuta ya rufe. Ɗan sanda ya saurari bayanin ma'aikaci, ya gamsu, ya rufe. Jami'in ƙaramar hukuma ya ɗauki kowane ƙorafi a matsayin abin da ya faru shi kaɗai, sau da yawa ma ya bar wa asibitin ya binciki kansa. Babu wanda aikinsa ne ya shimfiɗa takardun nan a tebur ɗaya ya tambayi dalilin da ya sa sunayen ma'aikata iri ɗaya suke ta maimaituwa.

Mutumin da ba zai iya ba da labarinsa ba

Dalilin da ya sa takarda take da nauyi a wannan fanni fiye da sauran shi ne halin wanda aka cuta. Idan aka mari lafiyayyen mutum a kasuwa, zai kai ƙara da bakinsa, ya nuna wanda ya mare shi, ya kawo shaidu. Tsohuwar da ciwon mantuwa ya ci ƙarfinta ba za ta tuna da yamma abin da aka yi mata da safe ba. Saurayin da ba ya magana sai da alama, idan ya fara firgita duk lokacin da wani ma'aikaci ya shigo ɗaki, sai a ce ai halin ciwonsa ne. Wanda ma yake iya magana, sau da yawa ba a yarda da shi, domin an riga an rubuta a fayil ɗinsa cewa mai yawan ƙorafi ne. Shaidar da ta rage wa irin waɗannan bayin Allah ita ce abin da wani ya rubuta a ranar: ƙarfe nawa, a wane ɗaki, wa ke bakin aiki, ina ne raunin yake, me mutumin ya ce.

Matsalar ba ta Ingila kaɗai ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum ɗaya cikin shida masu shekara 60 zuwa sama ya fuskanci wani nau'in cin zarafi a cikin shekara guda, kuma a binciken da aka yi a gidajen kula da tsofaffi, biyu cikin ukun ma'aikata sun amsa da bakinsu cewa sun aikata wani abu makamancin haka. A Ingila, a shekarar 2022 zuwa 2023, ƙananan hukumomi sun karɓi ƙorafi fiye da rabin miliyan a kan manya masu rauni, aka buɗe bincike na doka fiye da 170,000. Sakaci ne ya fi yawa a ciki: rashin ba da magani a kan lokaci, barin mutum cikin fitsari, barinsa kwance a gefe ɗaya har gyambon kwanciya ya huda shi. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan binciken fayil ne, kuma ingancin hukuncin da za a yanke ba ya wuce ingancin abin da ke cikin fayil ɗin.

Alƙalami a hannun wanda ake zargi

Babban raunin tsarin a bayyane yake. Rubutun farko, wanda duk sauran bincike zai dogara a kansa, yana fitowa ne daga cikin gidan da ake zargi, wani lokaci ma daga hannun shi wanda ya yi aika-aikar. A Winterbourne View an riƙa rubuta azabtarwa da sunan riƙe majinyaci don kada ya ji wa kansa ciwo. Kalmomin a takarda sun yi daidai da ƙa'ida, abin da ya faru a ɗaki kuwa daban.

Wani lokaci kuma takardar ce ke ɓacewa gaba ɗaya. A watan Oktoban 2013, Penelope Schofield, jami'ar binciken musabbabin mutuwa ta yankin Sasseks ta Yamma, ta kammala zama a kan mutuwar tsofaffi 19 da suka zauna a Orchid View, wani gidan kula da tsofaffi na kamfanin Southern Cross da aka rufe a 2011. Ta yanke cewa sakaci yana da hannu a mutuwar biyar daga cikinsu, ta kuma ce cin zarafi ya zama ɗabi'ar gidan tun daga sama har ƙasa. Ɗaya daga cikin mamatan wata tsohuwa ce mai shekara 77 da aka ba wa wafarin, maganin tsinka jini, fiye da ƙima. Wata ma'aikaciyar ofis ta gidan ta shaida wa zaman cewa an sa ta ta lalata takardun da ke nuna yadda aka ba da maganin bayan an kwantar da tsohuwar a asibiti. Ita ce daga baya ta kai maganar ga 'yan sanda. Da ta kama bakinta, da wuya a san abin da ya faru, domin takardar da za ta faɗi gaskiya an riga an gama da ita.

Saboda haka ne masu koyar da wannan aiki suke nanata wasu abubuwa da za a iya ɗauka ƙanana ne. A rubuta nan take, kafin a tashi daga aiki, kafin a zauna da abokan aiki labarin ya zama iri ɗaya a bakin kowa. A rubuta maganar mutum yadda ya faɗe ta, ko da ta zo a hargitse, ko da akwai ashar a ciki, kada a gyara masa ita. A raba abin da aka gani da abin da ake zato: "na ga shati mai launin shuɗi a damtsenta na hagu, faɗinsa kamar yatsu uku" shaida ce, "da alama ta faɗi ne" kuwa ra'ayi ne, kuma irin wannan ra'ayi ya sha rufe bincike tun ba a buɗe shi ba. Akwai takarda mai zanen jikin mutum, gaba da baya, da ake sa alama a daidai wurin rauni. Idan an yi kuskure, a ja layi ɗaya a kai yadda za a iya karanta na farko, a sa hannu da kwanan wata. Ba a gogewa, ba a yage shafi, ba a sake kwafa a jefar da na asali. Kuma ba a yi wa wanda aka cuta tambayar da ke ɗauke da amsarta, domin lauya zai yi amfani da wannan a kotu ya rushe shari'ar baki ɗaya.

Gwamnati ta matsa wa gidajen kula lamba su koma rubutu a kwamfuta da wayar hannu, har ta sa burin kashi 80 cikin 100 su koma kafin Maris na 2024. Amfanin wannan shi ne na'ura tana ajiye sawun wanda ya buɗe fayil, da lokacin da ya buɗe, da abin da ya canza. Sai dai na'ura ba ta hana ma'aikaci ya latsa cewa ya juya majinyaci ƙarfe biyu na dare alhali yana zaune a falo.

Abin da doka ta gyara

Kafin Winterbourne View, kare manya masu rauni a Ingila ya dogara ne a kan wata takardar jagora ta shekarar 2000, wadda ba ta da ƙarfin dokar majalisa. Dokar Kula ta 2014, wadda ta fara aiki a Afrilun 2015, ita ta mayar da abin wajibi. Sashe na 42 ya ce idan ƙaramar hukuma tana da dalilin zaton cewa wani babba mai buƙatar kulawa yana fuskantar cin zarafi ko sakaci, kuma halinsa ya hana shi kare kansa, dole ta yi bincike ko ta sa a yi. Sashe na 43 ya kafa kwamiti a kowane yanki da ya haɗa ƙaramar hukuma da hukumar lafiya da 'yan sanda. Sashe na 44 ya wajabta bin diddigi idan mutum ya mutu ko ya sha mummunar cuta, kuma ana ganin hukumomi ba su yi aiki tare yadda ya kamata ba. Sashe na 45, wanda ya fi shafar maganarmu, ya ba kwamitin ikon neman bayani daga duk wanda ke riƙe da shi, kuma wanda aka nema ba shi da damar ƙi.

Akwai kuma wani sauyi da nake ganin ya fi waɗannan sassa zurfi. A da, fayil yakan ƙare ne da hukuncin ko zargi ya tabbata ko bai tabbata ba, shi wanda abin ya shafa kuwa wani lokaci ba a ma gaya masa an yi bincike a kansa. Yanzu ana son tun a shafin farko a rubuta abin da shi mutumin yake so ya faru, a ƙarshe kuma a koma a tambaye shi ko an cim ma hakan. Idan ba zai iya bin zancen ba kuma ba shi da ɗan'uwan da ya dace ya tsaya masa, doka ta ce a nemo masa mai magana da yawunsa wanda ba ma'aikacin gidan ba ne. Wata tsohuwar ba ta son a kama jikanta da ke ɗibar mata kuɗi, so take kawai a canza mata katin banki. Wannan ma magana ce da ya kamata ta shiga fayil da bakinta.

Sirri, da iyakar sirri

Fayil ɗin cin zarafi yana ɗauke da abin da mutum ba zai so maƙwabcinsa ya ji ba: ciwonsa, tsiraicinsa, kuɗinsa, rikicin gidansu, wani lokaci fyaɗe. Yana ɗauke da sunan wanda ya kai ƙorafi, wanda idan ya fita zai iya rasa aikinsa. Yana kuma ɗauke da sunan wanda ake zargi, wanda mai yiwuwa bai yi komai ba. Don haka ba kowane ma'aikaci ke da damar buɗe shi ba, sai wanda aikinsa ya buƙata, kuma iyakar abin da ya buƙata.

Amma sirri yana da fuska ta biyu, kuma Ingila ta sha ɗanɗana ta. Ma'aikata sun sha fakewa da dokar kare bayanai su ƙi gaya wa wata hukuma abin da zai ceci rai, wasu don tsoro na gaskiya, wasu don kare sunan ma'aikatarsu. A 1997 Fiona Caldicott ta jagoranci kwamitin da ya shimfiɗa ƙa'idoji shida na riƙe bayanan majinyata, dukansu suna jan hankali ga taka-tsantsan. A 2013 ta dawo ta ƙara ta bakwai, wadda ke cewa wajibcin isar da bayani yana iya kai nauyin wajibcin ɓoye shi. Dokar Kare Bayanai ta 2018 ita ma ta buɗe ƙofa a fili: ana iya isar da bayani ba da izinin mai shi ba idan don kare mutumin da ke cikin haɗari ne.

Yadda ake auna abin shi ne haka. Dokar 2005 a kan hankalin yanke shawara ta ce a ɗauka kowane babba yana da ikon yanke wa kansa hukunci har sai an tabbatar da akasin haka, kuma don mutum ya zaɓi abin da wasu ke gani wauta ne, wannan bai sa a ce ba shi da hankali ba. Saboda haka idan tsoho mai cikakken hankali ya ce kada a gaya wa kowa, ana girmama maganarsa. Ana tsallake ta ne idan akwai wasu da ke cikin haɗari, ko wanda ake zargi ma'aikaci ne da ke kula da wasu, ko laifin babba ne, ko kuma ana ganin tsoro ne ya sa shi yin shiru. Ko an isar ko ba a isar ba, dole a rubuta dalili da sunan wanda ya yanke shawarar. Wannan layi ɗaya shi ne abin da masu bin diddigi suka fi nema bayan an yi rashi, kuma shi ne suka fi rasawa.

Iyalai su ne suka fi shan wahalar wannan ɓangare. Mai rai yana da haƙƙin neman kwafin abin da aka rubuta a kansa, a ba shi cikin wata guda, bayan an rufe sunayen wasu. Idan ya rasu, dokar kare bayanai ba ta aiki a kansa, sai a koma ga wata doka ta 1990 da ta ba wa mai kula da gadonsa damar ganin takardun lafiyarsa. Tsakanin waɗannan dokoki biyu, 'ya'ya da yawa sun shafe shekaru suna rubuta wasiƙu don kawai su san yadda mahaifiyarsu ta yi kwanakinta na ƙarshe. Tun 2015 doka ta wajabta wa duk gidan da ke ƙarƙashin CQC ya faɗa wa mutum ko iyalinsa gaskiya idan an yi kuskuren da ya cutar da shi, ya nemi gafara, ya kuma ba su a rubuce. A ganina gidan da ya sa iyali suka ɗauki lauya kafin su ga fayil ɗin mahaifinsu ya riga ya karya ruhin wannan doka, ko da bai karya harafinta ba.

Shekara nawa za a ajiye?

Ƙa'idar hukumar lafiya ta Ingila ta 2021 ta ce takardun lafiya da na kulawar manya a ajiye su shekara 8, na lafiyar ƙwaƙwalwa shekara 20, ko shekara 10 bayan rasuwa. Kowace ƙaramar hukuma kuma tana da nata jadawalin na fayilolin bincike. Dalilin sa iyaka a fili yake, bai kamata a riƙe sirrin mutum har abada ba gaira ba dalili. To amma labarin Gosport ya isa ya sa a sake tunani.

Asibitin Gosport yana gaɓar tekun kudancin Ingila, kuma tsofaffi ake kwantarwa a wasu ɗakunansa, da yawansu don su murmure su koma gida. A 1991 wasu nas-nas suka nuna damuwa a kan yadda ake ɗura wa majinyata magungunan kashe zafi masu ƙarfi dangin mofin ba tare da buƙata ba. Aka yi taro, aka rubuta, maganar ta mutu. Takardun waɗannan koke-koke ba su sake fitowa ba sai a 2002. Iyalai suka yi ta fafutuka shekara da shekaru, har aka kafa kwamiti ƙarƙashin James Jones, tsohon bishop na Libaful, wanda ya tattaro takardu fiye da shafi miliyan ɗaya. A watan Yunin 2018 kwamitin ya bayyana cewa an gajarta rayuwar mutum 456 ta wannan hanya. Ya ƙara da cewa idan aka yi la'akari da fayilolin da suka ɓace, mai yiwuwa akwai aƙalla wasu 200.

A tsaya a kan wannan adadi na biyu. Mutum 456 an san su ne domin takardunsu sun tsira. Sauran 200 ɗin lissafi ne kawai, iyalansu ba za su taɓa samun tabbacin da wasu suka samu ba. Shekara 27 ce tsakanin koken farko da rahoton. Kwamitin da ya binciki lalata da yara a Ingila da Wels ya ba da shawara a 2022 cewa a riƙa ajiye takardun irin wannan zargi shekara 75, domin wanda aka cuta yana yaro yakan daɗe kafin ya iya magana. Babban da ba ya magana kwata-kwata, ko wanda ya rasu a hannun masu kula da shi, hujjarsa ba ta gaza wannan ba. Ra'ayina shi ne fayil ɗin da ya ƙunshi zargin cin zarafi a gidan kula bai kamata a haɗa shi da takardar awon jini a jadawali ɗaya ba.

Ita kanta hukumar sa ido ba ta tsira daga matsalar binne takarda ba. A 2015 masu duba na CQC suka ziyarci Whorlton Hall, wani asibitin masu raunin fahimta a yankin Daram da ke arewa maso gabashin Ingila, jagoransu ya rubuta rahoto mai ɗauke da damuwa. Ba a buga rahoton ba. A shekarar da ta biyo baya aka ba asibitin shaidar cewa yana da kyau. A watan Mayun 2019 Panorama ta sake shiga da ɓoyayyiyar kyamara, ta fito da hotunan tsoratarwa da wulaƙanci, shekara takwas cif bayan Winterbourne View. Binciken da David Noble ya gabatar a Janairun 2020 ya ce ƙin buga rahoton 2015 kuskure ne.

Haƙƙin wanda ake zargi

Adalci ya sa a faɗi wannan ma. Ba kowane zargi ne gaskiya ba. Mai ciwon mantuwa yakan ɓoye kuɗinsa ya manta, ya ce an sace. Fatar tsoho mai shan maganin tsinka jini takan yi shati daga ɗan riƙo kaɗan. Binciken ƙaramar hukuma yana yanke hukunci ne bisa abin da ya fi rinjaye, ba ya buƙatar tabbacin da kotun laifi ke nema, don haka ma'aikaci yana iya rasa aikinsa ba tare da ya taɓa tsayawa gaban alƙali ba. Fayil mai kyau dole ya ƙunshi bayaninsa shi ma, da bakinsa, kuma idan an wanke shi a rubuta a fili cewa an wanke shi, kada a bar zargin yana rataye.

Idan kuwa laifin ya tabbata, takarda ce ke hana shi sauya gida. Hukumar DBS, wadda aka kafa a Disamban 2012, tana riƙe da jerin waɗanda aka haramta wa aiki da manya masu rauni. Doka ta tilasta wa mai gida ya miƙa sunan ma'aikacin da ya kora saboda cutar da wani, har ma da wanda ya yi sauri ya ajiye aiki kafin a kore shi. Manajan da ya ce wa irin wannan ma'aikaci ya tafi salin-alin a rufe magana, ya tura shi ne kan tsofaffin wani gidan.

Masu riƙe da alƙalamin a yau

A ƙasar Hausa tsoho a ɗakinsa yake tsufa, cikin 'ya'ya da jikoki, shi ya sa mai karatu zai iya ganin wannan magana ta yi nisa da shi. Ba ta yi ba. Tun watan Fabrairun 2022 da Birtaniya ta buɗe bizar aiki ga masu kula da tsofaffi da masu nakasa, dubban 'yan Najeriya suka tafi, har Najeriya ta shiga sahun gaba tare da Indiya da Zimbabuwe. An rufe ɗaukar sababbi daga waje a Yulin 2025, amma waɗanda suka riga suka shiga suna nan, cikinsu har da 'ya'yanmu da ƙannenmu. Su ne ke aikin dare. Su ne ke fara ganin shatin da ba a san asalinsa ba idan sun zo yi wa tsohuwa wanka da asuba, kuma hannunsu ne ke cike takardar ranar.

Matsayinsu yana da wuya, kuma bai kamata a raina wuyar ba. Bizarsu a ɗaure take da kamfanin da ya ɗauke su. Wanda ya rasa aiki yawanci kwana 60 ake ba shi ya samu wani mai ɗaukar nauyi ko ya bar ƙasar, ga bashin da ya ci kafin ya taho, ga 'yan gida suna jiran aike. Idan manaja ya ce masa ya sake rubuta takardar jiya, ko ya sa hannu a kan maganin da bai ga an bayar ba, abin da ke kan sikeli ya wuce albashin wata. Ga kuma tarbiyyar da muka tashi da ita ta kara da rufa wa abokin zama asiri, wadda ke sa kai ƙarar wanda kuke cin abinci tare ya zama abu mai nauyi. Amma tarbiyyar nan ita ce kuma ta koya mana cewa tsoho da marar lafiya amana ne, kuma idan haƙƙi biyu suka yi karo, na wanda ba zai iya kare kansa ba shi ne gaba.

Dokar Birtaniya ta 1998 tana kare ma'aikacin da ya fallasa ɓarna daga kora ko tsangwama, kuma CQC da ƙaramar hukuma suna karɓar ƙorafi kai tsaye, ko da mutum bai faɗi sunansa ba. Sa hannu a kan takardar ƙarya kuwa yana iya kai mai hannun kotu, ya kuma sa sunansa a jerin DBS, ko da wani ne ya umarce shi. Don haka ɗan'uwa ko 'yar'uwa da ke wannan aiki, rubuta abin da idonka ya gani a ranar da ka gan shi, da lokaci, da sunanka. Kada ka sa hannu a kan abin da ba ka gani ba, kada ka yarda ka canza abin da ka riga ka rubuta. Idan ka kai magana ga manaja, ka kai ta a rubuce, ka lura da ranar da ka kai. In kwana ya wuce ba ka ga an ɗauki mataki ba, ka kira sashen kare manya na ƙaramar hukumar da gidan yake, domin doka ta ɗora musu wajibcin su saurare ka.